Yaron da ke son koyon gita, a fara masa da tsirkiya ɗaya

A iya abin da nake gani a Tasawa da Mayahi da garuruwan da ke tsakaninsu, gita kan shigo gida da murna, amma ba ta cika wata biyu ana taɓa ta ba. Yaro ya dami ubansa, ko ya tara kuɗin aikin gona na damina, ko wani yayansa ya kawo masa ita tsaraba daga Agadas ko Libiya. Mako na farko ba ya ajiye ta ko da zai ci tuwo. Mako na uku ya fara cewa yatsunsa na ciwo. Kafin wata na biyu ya ƙare tana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Daga nan sai uba ya yanke hukunci cewa yaron ba shi da baiwa, ko kuma dama shiririta ce. Yaron ma sai ya yarda. Wannan yardar ce ta fi damuna a matsayina na malamin lekol, domin yaron da ya koyi cewa "ni ba na iya koyon abu mai wuya" ba a kan gita kaɗai zai riƙe wannan darasi ba. Zai kai shi ajin lissafi, zai kai shi wurin koyon sana'a.

Ra'ayina shi ne laifin ba na yaron ba ne, na hanyar da aka bi da shi ne. Kusan duk mai farawa a yau salula ce malaminsa, kuma darussan da ke cikin salula an tsara su ne don yaron Faransa ko na Amurka. Darasi na farko za a ce ya danne tsirkiya uku ko huɗu a lokaci guda, abin da masu Faransanci ke kira akor, ya goge duka shida da hannun dama. Kafin mako ya zagayo an kai shi ga akor ɗin fa, wanda sai an kwantar da yatsa ɗaya a kan tsirkiyoyin gaba ɗaya, wanda ko babba mai ƙarfin hannu yana shan wuya kafin ya fitar da shi tsaf. Bayan duk wannan wahala, abin da zai fito daga gitar ba waƙar da ya sani ba ce. Bai taɓa jin ta a biki ba, bai taɓa jin uwarsa na rera ta ba. Ya sha wuya, kuma kunnensa bai samu lada ba.

Mu da muka bi ta makarantar horon malamai, akwai ƙa'idar da aka nanata mana har muka gaji da ji: a tashi daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. A kan wannan ƙa'ida ce aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Abin mamaki, malamin da zai yi maka dogon bayani a kan amfanin fara karatu da harshen uwa, shi ne kuma zai miƙa wa ɗansa gita da littafin akor na Turawa ya ce ya je ya koya. Kiɗa ma yana da harshen uwa. Yaron Korgom ko na Kanambakashe ya zo duniya ya tarar da kiɗan gurmi, da garaya, da molo, da goge, da kalangu. Yawancin waƙoƙin da ya tashi da su suna tafiya ne a kan sauti biyar, kuma a jere suke fita, ɗaya bayan ɗaya, suna bin muryar mai waƙa. Ba a tara su a danne lokaci guda. Wannan shi ne jarin da yaron ya zo da shi, kuma darasin salula watsi yake yi da shi tun ranar farko.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Zoltan Kodaly, mawaƙin ƙasar Hangari da ya rasu a 1967, ya gina koyar da kiɗa a makarantun ƙasarsa a kan waƙoƙin gargajiyar yaran, waɗanda su ma da yawansu sauti biyar ne, kuma ya ce a fara da murya kafin a taɓa wani abin kiɗa. Shinichi Suzuki na Japan ya lura cewa babu yaron da ke koyon harshen gidansu daga littafi, ji yake yi ya maimaita, sai ya koyar da goge irin na Turawa ta wannan hanya, karatun alamomin kiɗa ya biyo baya. Na kawo su ne don wanda ba ya yarda da magana sai ya ji sunan Bature ko na wani na nesa a cikinta. Amma hujjar da ta fi ƙarfi tana nan kusa da mu.

A dubi waɗanda suka kai gitar wannan yanki namu duniya, a ga yadda suka fara. Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, da ƴar molon gargajiya mai tsirkiya ɗaya ya fara tun yana yaro. Sai a 1956, da ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa gita, ya koma gare ta, kuma abin da ya yi shi ne ɗauko kiɗan da ya riga ya iya ya ɗora a kanta. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, ƙungiyar kuma ta ci kyautar Grammy a 2012. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ma da wayar keke ya haɗa tasa, ya yi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yaɗu daga salula zuwa salula kafin wani kamfanin waje ya san da shi. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, kusa da Abalak, a kan gitar yayanta ta koya wa kanta, ta hanyar saurare da kwaikwayo. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fara da akor ɗin fa. Dukkansu kunne ya riga hannu, kuma waƙar gida ta riga ta waje.

Ko ba a je ga gita ba, Ɗan Maraya Jos ya isa misali. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce tak, a kan ɗan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata, amma da ita ya yi shekaru yana riƙe da Hausawa har ya rasu a 2015. Wanda ya saurari abin da ya fitar daga tsirkiya ɗaya ba zai raina farawa da ita ba. Mu malamai kuma muna da namu: Malam Maman Barka, ɗan Tesker, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurmi, daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban wani dattijo ya koyi biram, ya rasu a 2018. Mutum ne da ya riga ya yi suna, amma da zai koyi sabon abin kiɗa sai ya nemi mai shi ya zauna a gabansa.

To, a aikace, me nake nufi da tsirkiya ɗaya?

Gita tana da tsirkiya shida. Daga mai kauri zuwa siririya sunayensu mi, la, re, sol, si, mi. A wuyanta akwai ƙarafa a gicciye da suka raba shi gida-gida kamar gaɓoɓin kara, ni gaɓa nake ce wa yara kuma suna ganewa nan take. A ɗauki siririyar tsirkiya ta can ƙasa. A kaɗa ta babu danni, sannan a danne ta a gaɓa ta 3, ta 5, ta 7, ta 10, ta 12. Sauti biyar ke nan, na shida shi ne na farkon ya dawo da murya sama. A cikin waɗannan wurare yaro zai tarar da waƙoƙi da yawa da ya sani, na gaɗa, na reno, na biki. Idan wata waƙa ta ƙi zama, a matsa mafarin zuwa wata gaɓa a sake nema. Aikin mako biyu na farko ke nan: ya rera layi ɗaya na waƙar da ya sani da bakinsa, sannan ya nemo shi a kan tsirkiya. Kada a nuna masa. A bar shi ya ɓata, ya gyara, ya sake ɓata. Ranar da ya samo shi da kansa, ƙanwarsa da ke tsakar gida ta gane waƙar ta kama rerawa, to an wuce wurin da yawancin yara ke ajiye gita.

Sharaɗin shi ne rerawa. Abin da baki bai iya fitarwa ba, yatsa ba zai same shi ba sai da dace. Yara maza da suka fara girma sukan ji kunyar rera waƙa a gaban mutane, musamman lokacin da muryarsu ke fashewa. Ba sai da ƙarfi ba, ko gunguni ya yi a maƙogwaro ya wadatar.

Bayan an samu waƙa biyu ko uku a tsirkiya ɗaya, sai a shigo da ta biyu, yaro ya gane cewa sautin da yake tafiya nesa ya ɗauko yana nan kusa a maƙwabciyarta. Daga nan sai babban yatsan hannun dama ya fara aiki: yana bugun tsirkiya mai kauri babu danni, a kai a kai, yayin da manuniya ke fitar da waƙa a ƙasa. Wannan gunjin da ba ya canzawa, waƙa na yawo a kansa, shi ne ƙashin bayan kiɗan gurmi, shi ne kuma abin da ake ji a gitar mutanen Agadas. Yaron da ya kai nan, ko da bai san akor ko ɗaya ba, yana kaɗa abin da za a zauna a saurara. Akor sai bayan wata uku ko huɗu, kuma a fara da mi minar, wanda yatsa biyu kawai yake buƙata, a gaɓa ta biyu ta tsirkiyar la da ta re. A lokacin yatsu sun yi kanta, hannu ya saba da wuyan gita, abin da zai gagare shi a makon farko sai ya zo da sauƙi.

Akwai abin da darussan salula suke ɗauka kamar ƙaramin abu, ni kuwa ina ganin shi ne rabin aikin: tafiyar kiɗa. Mai farawa yakan yi sauri inda ya iya, ya tsaya inda ya kakare, kiɗan ya zama kamar tafiyar kura a hanyar rairayi. Maganinsa ba ya buƙatar wani inji. Ƙafa ta riƙa buga ƙasa, ko wani ya riƙa tafi, ko ya riƙa bugun ƙwarya. Yaron da ya tashi yana jin lugude a turmi ya san abin da ake nufi da kowa ya faɗo a lokacinsa. A sa shi ya kaɗa a hankali ƙwarai, a hankalin da zai ba shi haushi, har sai ya iya wuce wurin da ke kayar da shi ba tare da ƙafar ta tsaya ba. Sauri yana zuwa da kansa.

Sai maganar lokaci, kuma a nan ne nake roƙon iyaye su saurare ni, domin amsar tana kwantar da hankalinsu. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya kama ƙwaƙwalwa. Mu ma mun san haka ba tare da shi ba, ai almajiri ba a yini ɗaya yake haddace izu ba, kullum yake wanke allo. Ga kuma dalili na jiki: fatar kan yatsa tana buƙatar makonni kaɗan kafin ta yi kanta. Wanda ya yi awa uku a ranar farko zai tashi da ƙuraje, ya yi kwana huɗu bai taɓa gita ba, fatar ta koma yadda take, ya sake farawa daga ciwo. Wanda ke yin kaɗan kullum ba ya kaiwa ga ƙurji. Don haka uban da ke tsoron gita za ta cinye karatun ɗansa, ya sani cewa hanyar da ta fi koyar da gitar ita ce kuma wadda ba ta cin lokaci. Ya sa doka: bayan an gama aikin gida na lekol, minti ashirin, sannan a mayar da ita jaka. Idan jarrabawar birbe ta matso, a rage zuwa goma, amma kada a yanke gaba ɗaya. Yaron da ke zaune da gita daga la'asar har dare a fada, ana shayi ana hira, yawanci ba koyo yake ba, abin da ya riga ya iya yake ta maimaitawa.

Yanzu ga abin da ya fi kashe wa yara gwiwa ba tare da kowa ya lura ba, wato gitar kanta. Da yawa daga cikin masu arha da ke shigowa ta Maraɗi ko Kano, da kuma tsofaffin da aka sha hannu da su, tsirkiyoyinsu sun yi nisa da wuya. Yaro na dannawa da iya ƙarfinsa, sautin na fita a shaƙe, shi kuwa yana zaton hannunsa ne bai iya ba. Kafin a biya kuɗi a duba gaɓa ta 12: tazarar da ke tsakanin ƙarfe da tsirkiya kada ta wuce milimita biyu zuwa uku, wato kaurin tsinken ashana ɗaya ko ɗan fiye. Idan ɗan yatsa na iya shiga, a bar ta ko da kyauta ce, sai fa in za a gyara. Gyaran kuma sau da yawa ba shi da wuya. Akwai ɗan farin abu a cikin gitar inda tsirkiyoyi ke hawa, ana sassauta su a zare shi, a goge ƙasansa da takardar goge katako. Duk milimita biyu da aka rage a can, ɗaya ce ke raguwa a gaɓa ta 12. Kafinta mai haƙuri zai iya, in an tsaya a kansa ana gwadawa kaɗan-kaɗan, don abin da aka goge ba ya dawowa. Amma idan wuyan ne ya lanƙwashe kamar baka, wannan ya wuce kafinta.

A kuma ɗora ido a kan wuyan daga kai zuwa ciki a ga ko ya miƙe, a murɗa kunnuwan shida a tabbata suna riƙewa. Ga ƙaramin yaro, tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe sauƙi a yatsa, ko da yake wuyan irin wannan gita ya fi faɗi. Kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a gitar da aka yi don ta roba, jan ya fi ƙarfinta, zai ɓalle mata ciki. Yaron da bai kai shekara goma ba a nema masa ƙarama in da hali. Bahago kuma a bar shi da hagunsa, a juya masa tsirkiyoyi. Mdou Moctar bahago ne.

Yanayinmu ma ba ya tausaya wa katako. Hunturu na busar da shi har ya tsage, zafin bazara a ɗakin kwano na sassauta gam. A ajiye gita a jaka, a ɗakin ƙasa in akwai, nesa da rana. Lokacin hunturu a sa ɗan soso mai laima a cikin gwangwanin sabulu da aka huda, a jefa cikin jakar. A goge tsirkiyoyi da tsumma bayan kowane zama, gumi ne ke sa su tsatsa. Wanda zai je Maraɗi ko Damagaram a ba shi saƙon tsirkiya, musamman siririyar, ita ce ke riga tsinkewa, kuma tsinkewarta ce kan zama ƙarshen koyo a garin da ba a sayar da ita.

Za a ce mini, to ai Bombino da bidiyo ya koya. Gaskiya ne, an san cewa lokacin da suke gudun hijira a Aljeriya da Libiya, shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna kwaikwayo, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy, da faifansa Deran na 2018. Amma a lura da abu biyu. Da abokai yake kallo, suna gyara wa juna, kuma ya zauna ƙarƙashin wani gwanin gita na Abzinawa ya yi masa yaro. Sannan abin da ya ɗauko daga bidiyon ya zuba shi ne a cikin kiɗan gidansu. Ban ce a jefar da salula ba. Tana da aiki uku da babu mai yi kamarta. Tana saita tsirkiya, akwai manhajojin da ke yin haka ko babu intanet. Tana rage saurin bidiyo, a YouTube ana iya mayar da shi rabi a ga inda yatsa ke sauka. Tana kuma ɗaukar sauti, yaro ya kaɗa ya saurari kansa, ya ji kuskuren da ba ya ji lokacin da hankalinsa ke kan yatsu. Abin da ba ta iya yi shi ne ta ga cewa ya karya wuyan hannu, ko yana danna tsakiyar gaɓa maimakon kusa da ƙarfe, ko bai yanke farce ba. Mutum ne ke ganin wannan cikin minti ɗaya. Ko saitin ma, ina son yaro ya iya shi da kunne: danna tsirkiya a gaɓa ta 5 yana ba da sautin wadda ke bi mata, ban da sol, wadda ake dannawa a ta 4. Ranar da caji ya ƙare ba za a fasa koyo ba.

Ina mutumin yake, za a tambaya. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, wadda aka kafa a 1989, tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga nan. Marigayi Abdallah Oumbadougou ya buɗe wa matasa makarantar kiɗa a Arlit, can arewa. Mu a nan sai mu yi da abin da muke da shi, kuma muna da fiye da yadda muke zato. Ba sai gwani ba. Wanda ya riga yaro da shekara ɗaya ya isa ya duba masa hannu sau ɗaya a mako. A cikin malaman da ake turowa daga wasu jihohi akan samu mai taɓa gita, a gidan matasa akan samu, a cikin masu dawowa daga arewa akan samu. Wanda kuma aka fi mantawa da shi shi ne mai gurmi ko mai garaya na gari. Bai san sunan mi ko la ba, amma ya san tafiyar kiɗa, ya san yadda hannun dama ke aiki, ya san waƙoƙi. Yaro ya zauna kusa da shi ya nemi abin da yake kaɗawa a kan gitarsa, zai samu abin da babu shi a kowane bidiyo.

Na san inda maganar ke tsaya wa iyaye a wuya. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma uban da ba makaɗi ba yana jin nauyin a ce ɗansa ya zama maroƙi. Wani kuma dalilinsa na addini ne. Wannan na biyun ba ni da hurumi a cikinsa, malamai sun yi maganganunsu, kowane magidanci ya san wanda yake bi, wanda ya hana a gidansa ya hana, ba da shi nake ba. Ina magana ne da wanda ya riga ya yarda, ko yake tsaka-tsaki. Shi nake ce wa, in ka yarda, to ka yarda a fili. Gitar da aka hana a gida ba ta ɓacewa, komawa take wani wuri inda ba ka ganin wanda ɗanka ke zama da shi. Wadda ake kaɗawa a zaure, da lokacinta, kana jin abin da ake rerawa, ita ce ke hannunka. Kuma kada a yaudari yaro: cikin masu koyo, ƙalilan ne za su ci abinci da ita. A gaya masa haka tun farko. Ba don ya zama Bombino ake barinsa ba, kamar yadda ba don ya buga wa Mena ake barinsa ya taka ƙwallo ba.

Ƴan mata kuwa, su ne suka fi kowa jarin da na ambata, don su ke riƙe da waƙoƙin gaɗa da na daka. A ajina su ne ke riga maza kama sabuwar waƙa. Idan akwai gita a gida, kada ta zama ta yaya shi kaɗai.

Akwai ƙorafi ɗaya da na ɗauka da muhimmanci, daga abokan aiki da suka yi karatun kiɗa: wanda ya koya da kunne kawai yakan tsaya a wuri ɗaya, ba ya iya kaɗawa da ƙungiya, ba ya iya karanta abin da aka rubuta. Akwai gaskiya a ciki. Na ga samari da suka shekara biyar suna juya waƙa huɗu. Amma abin da ya tsayar da su rashin mai tura su gaba ne, kuma ni ban ce kada a koyi akor ko alamomin kiɗa ba, jeri nake magana a kai. Yaro yana magana shekara shida kafin mu ba shi alli, kuma ba wanda ya ce maganar ce ta hana shi rubutu. A shekara ta biyu a koya masa sunayen sautin da yake kaɗawa, a nuna masa yadda ake rubuta su a layi shida da lambobi, wanda yaron aji biyar ke ganewa cikin zama ɗaya. A lokacin yana da abin da zai rubuta.

Ga abokan aikina malamai, musamman na kolej: gita ɗaya ta ishi yara shida. Ɗaya na kaɗawa, ɗaya na bugun ƙwarya, sauran na rerawa da tafi, bayan minti biyar a miƙa wa na gaba. Masu jira ba zaman banza suke ba, kunnensu na aiki, kuma kuskuren ɗan'uwansu ya fi fito musu fili fiye da nasu. Awa ɗaya ranar da babu karatun yamma ta wadatar, da sanin darakta da kwamitin iyaye, a cikin harabar lekol, ƙofa a buɗe. Inda babu kuɗin gita ko ɗaya, darasin farko ya zama na ƙira: gwangwanin madara ko na mai, sanda miƙaƙƙiya, wayar birkin keke daga wurin mai gyara, ƴan ƙusoshi. Malamin kimiyya ma ya samu abin nunawa, don a nan yaro zai gani da idonsa cewa idan aka danne tsirkiya a daidai rabinta, sautin farko ne ke dawowa da murya sama, dalilin da ya sa gaɓa ta 12 take tsakiyar tsirkiya ke nan. A fara bayan an gama girbi, lokacin da yara suka dawo aji sosai kuma hannuwansu suka huta da hauya, a sa waƙa uku a gaba, a ce kafin hutun ƙarshen Disamba kowa zai fitar da su a tsirkiya ɗaya ba tare da ƙafarsa ta tsaya ba.